Yadda ake haɗa jarabawa ta daban ga ɗalibai masu buƙata ta musamman

Kafin ka zauna ka ce zaka haɗa wa yaro jarabawa ta daban, fara tabbatarwa tukuna ko yana buƙatarta, don gaskiyar magana yawancin yara masu nakasa basa buƙata. Yaron da baya gani, ko kurma, ko wanda hannunsa baya iya riƙe biro, ko wanda haruffa suke cakuɗe masa in yana karatu, duk waɗannan kansu yana ɗaukar karatun ajinsu tsaf, matsalar kawai tana wajen yadda tambaya zata isa gare su da yadda amsa zata fito daga wajensu. To su abinda ake musu shine a bar tambayar yadda take ba ragi ba ƙari, sai a gyara hanyar: a buga takardar da rubutun makafi ko da manyan haruffa kamar lamba 18 zuwa sama, a kawo mai fassara da maganar hannu, a sa wani ya rubuta abinda yaron ya faɗa kalma da kalma, a ba shi ɗaki shi kaɗai, a ƙara masa lokaci. A Ingila ƙarin kashi 25 cikin ɗari aka fi bayarwa, a Amurka kuma sau da yawa rabin lokacin ake ƙarawa akai. Ko lissafi ma baya gagarar makaho, tun 1952 wani makaho masanin lissafi mai suna Abraham Nemeth ya fitar da tsarin rubuta alamomin lissafi da ɗigo-ɗigon rubutun makafi kuma har yau ana aiki da shi. Abinda zaka kiyaye kawai kar sauƙaƙawar ta cinye abinda ake son aunawa, in jarabawar lissafi ce ka karanta masa tambaya ba komai, amma in so kake ka ga ko ya iya haɗa baƙi da wasali ya karanta sai kuma ka karanta masa, ai kunnensa ka gwada kenan.

Jarabawa ta daban kuwa ta wasu yara ce ƴan ƙalilan, masu raunin fahimta mai tsanani, waɗanda ko ka kawo duk sauƙaƙawar duniya bazasu iya shiga jarabawar da sauran suke yi ba, suna buƙatar a maimaita musu abu sau da yawa a gutsittsira shi ƙanana, kuma a rayuwar yau da kullum ma sai da taimako. Amurka ce ta fi kowa daɗewa tana fama da wannan aikin shi yasa zan riƙa jawo misali daga can. Tun 1975 dokarsu ta ce dole makarantun gwamnati su karɓi yara masu nakasa, amma shekaru da yawa in lokacin babbar jarabawa ya zo sai kawai a cire su daga lissafi, babu mai tambayar me suka koya. Jihar Kentucky ce ta fara a 1992 da tsarin tara ayyukan yaro a fayil ana ba su maki, sannan gyaran da aka yi wa dokar ilimin yara masu nakasa, wadda ake kira IDEA, a 1997 ya ce kowace jiha ta samar da jarabawar ta daban kafin 1 ga Yulin 2000. Da aka fara sai wata matsalar ta ɓullo, wasu makarantu suka gane ai hanya ce ta ɓoye duk yaron da zai jawo musu sakamako ƙasa, shi yasa dokar ilimin makarantun ƙasar da ake kira ESSA ta 2015 ta saka iyaka, a kowane darasi kar waɗanda zasu yi ta daban su wuce kashi 1 cikin ɗari na duk ɗaliban da aka yi wa jarabawa a jihar. Ba wai na ce lambar ta dace da kowace ƙasa ko kowace makaranta ba, amma ta isa ta nuna maka ƙanƙantar rukunin, in ka ga kashi ɗaya cikin biyar na ajinka wai duk ta daban zasu yi to ka sake dubawa.

Wa zai yanke hukunci, kuma da wane dalili

Kar mutum ɗaya ya yanke. A zauna da malamin aji, malamin masu buƙata ta musamman, shugaban makaranta ko wakilinsa, duk wani ƙwararre da yake ganin yaron kamar mai gyaran magana, sai uwa uba iyayen yaron. Tambayoyin da za a amsa basu da yawa: shin raunin fahimtar ya shafi karatu da kuma kula da kai duka, shin ana koya masa darasin ajin ne amma an rage masa zurfi da faɗi sosai, shin sai da taimako mai yawa na kai tsaye yake samun ci gaba. In ɗaya daga ciki amsar a'a ce, a mayar da shi jarabawar kowa da sauƙaƙawa.

Akwai kuma dalilan da sam ba a yarda da su ba, ka rubuta su ɓaro-ɓaro a jikin fom ɗin da za a cike a wannan zaman don mutane suna son fakewa da su. Wai baya zuwa makaranta sosai, wai baya jin yaren da ake koyarwa da shi, wai yana da rigima, wai karatunsa yana ƙasa da ajinsa da shekara biyu, wai ai sunan lalurarsa kaza, ko kuma wai zai ɓata mana sakamako. Sunan lalura shi kaɗai baya yanke komai, yara biyu masu otizim, lalurar da take shafar magana da cuɗanya da mutane, zaka samu ɗaya yana gaba da kowa a lissafi ɗayan kuma har yanzu ana koya masa nuna abinda yake so. Wata malamar jami'a Anne Donnellan ta kawo wata ƙa'ida a 1984 da har yau malamai suke riƙe da ita, cewa in baka da tabbas kan iyawar yaro to ka ɗauki zaton da in ya zama kuskure ɓarnarsa zata fi ƙanƙanta. Ka ɗauka yana ganewa ka koya masa, in ashe baya ganewa ɗan lokaci ka rasa, amma ka ɗauka baya ganewa ka ƙyale shi alhali yana ganewa, ka ga shekarun yaro ka zubar. Sannan a faɗa wa iyaye gaskiya tun farko cewa wannan hanyar tana iya shafar irin takardar shaidar da yaron zai fita da ita, a Amurka ma doka ce ta ce a sanar da su, kar sai ranar kammalawa su ji.

Ta ina yaron yake amsawa

Nan ne aikin yake wallahi, kuma nan aka fi tsallakewa a ruga wajen rubuta tambayoyi. In baka san yadda yaro yake cewa eh da a'a ba, duk makin da zaka rubuta daga baya ƙirƙira ce kawai. Ka ɗauki sati ɗaya ko biyu kana lura da shi ba tare da ka ce jarabawa kake ba. Wani da baki yake amsawa amma kalma ɗaya ko biyu, wani nuni yake da yatsa, wani sai dai ya miƙo maka katin hoto, irin tsarin musayar hoto da ake kira PECS wanda aka fara a jihar Delaware a 1985, wani madanni yake dannawa da kai ko gwiwa ko ƙafa, wani kuma idonsa ne kaɗai yake iya juyawa yadda yake so, sai ka ɗaga kati biyu nesa da juna ka ga wanda zai tsayar da ido akai. Ka tambayi mamansa, don Allah ka tambayi mamansa, ko yayarsa ko duk wanda yake wuni da shi, su sun san cewa in ya ɗaga gira yana nufin eh, in ya kawar da kai gefen hagu ya gaji ne ba wai amsa ya bayar ba.

In ka samo hanyar sai ka gwada ta da abinda ka tabbata ya sani. Ka ajiye hotonsa da hoton wani ka ce nuna min kai, ka ajiye abin wasan da yake so da wanda baya kulawa da shi ka ce wanne kake so, ka yi ta maimaitawa kana sauya musu gefe. In kullum na dama yake ɗauka ko da ka sauya, to ba zaɓi yake ba, ƙila hannun daman ne ya fi masa sauƙi ko idon hagun baya gani sosai, sai ka gwada jera su sama da ƙasa ko ka matso da su tsakiya. Ka duba zamansa ma, yaron da yake fama da riƙe wuyansa a kan kujerar da bata dace da shi ba ƙarfinsa duka can ya tafi. A duba ido a duba kunne kafin a ce baya ganewa, yara da yawa masu raunin fahimta suna da matsalar gani ko ji da babu wanda ya taɓa lura. Duk abinda ka gano ka rubuta shi a shafi ɗaya: yadda yake amsawa, daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya amsa, alamar gajiyarsa, lokacin da ya fi natsuwa a wuni, in yana shan magani da yake sa shi bacci ƙarfe nawa ne. Wannan shafin shi zai bi jarabawar duk inda ta je.

Kuma hanyar da yake amfani da ita kullum a aji ita za a yi jarabawa da ita. Kar ranar jarabawa a kawo masa sabuwar tabilet da bai taɓa taɓawa ba.

Me za a tambaya

Ka fara daga manhajar ajin da shekarunsa suka kai, ba daga manhajar ƴan nazare ba. Ka ɗauko abinda ake so ɗan ajin ya iya, ka tambayi kanka mene ne ƙashin bayan wannan darasin, sai ka riƙa sauka mataki mataki har ka iso inda yaron yake. Misali ƴan aji huɗu suna koyon kashi-kashi a lissafi, rabi da kwata da kwatanta su. Matakin sama yaro ya nuna wanne ya fi girma tsakanin rabi da kwata. Ƙasa da shi ya gane rabi in an nuna masa takardar da aka raba biyu daidai da wacce aka raba biyu ba daidai ba. Ƙasa da wannan ya bambance abu cikakke da gutsurensa. Can ƙasa kuma ya lura cewa abu ya canza in an raba shi a gabansa, ko da kallo ne ya bi shi da shi. Ka ga duk hanya ɗaya ce, yaron da yake matakin ƙasa an san inda za a nufa da shi gaba. Wani tsarin jarabawa ta daban mai suna DLM da Jami'ar Kansas take gudanarwa wa jihohin Amurka da dama haka yake, kowane darasin Turanci da lissafi matakai biyar suka yi masa, uku kafin a kai ga abinda ake nema, sai shi kansa, sai ɗaya a gaba da shi, kuma ana yin sa ne guntu-guntu da ƴan tambayoyi kaɗan a kowane zama.

Kar ka ce sai ka taɓa komai na manhaja. Ka zaɓi abubuwa kamar shida zuwa goma a darasi waɗanda aka koyar da gaske kuma suke da amfani gaba, a tambayi kowanne fiye da sau ɗaya. Abinda ba a koyar ba kuwa ba a tambayarsa, wannan ko ga mai lafiya zalunci ne.

Sai maganar shekaru, wadda ni tana ci min rai. Saurayi ɗan shekara 15 a kawo masa hoton jariri da ƴar tsana wai don karatunsa na ƙasa ne, haba. Ka sauƙaƙa jimlar amma labarin ya zama na sa'anninsa, ƙwallo, waya, tafiya, aiki. A 2017 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani yaro mai otizim da ake kira Endrew F., inda ta ƙi yarda da cewa ɗan ci gaba kaɗan da bai taka kara ya karya ba ya wadatar, ta ce dole shirin karatun yaro ya zama mai buri daidai da halin da yake ciki. In shekara uku a jere tambayar dai ita ce nuna min ja nuna min shuɗi, to makarantar ce ta tsaya.

Wanke hannu, saka riga, tsallaka titi, duk suna da muhimmanci kuma a auna su, amma a takarda daban. In ka cakuɗa su da makin lissafi babu wanda zai gane me makin yake nufi.

Akwai yaran da ko matakin ƙasan nan basu kai ba tukuna. Ingila ta daɗe tana amfani da wasu matakai da ake kira P tun ƙarshen shekarun 1990, sai kwamitin Rochford a 2016 ya ba da shawarar a sauya, daga Satumban 2021 irin waɗannan yaran ana duba su ne ta abubuwa biyar: yana binciken abu, yana gane sabon abu in ya zo, yana tsammanin abinda zai biyo baya, yana dagewa, yana fara abu da kansa. Babu maki a ciki, rubuta abinda aka gani ake yi. In kana da irin wannan yaron ka ari wannan ya fi ka rubuta masa sifili goma.

Siffar jarabawar

Hanyoyi uku ne aka saba. Akwai tara aikin yaro a fayil tsawon zango, takardunsa da hotuna da gajerun bidiyo kowanne da kwanan wata. Akwai zama da yaro ɗaya bayan ɗaya a ba shi aiki ya yi a gabanka da tambayoyin da aka tsara. Akwai kuma fom da malami zai cike yana cewa ya iya ko bai iya ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi sauƙi kuma shi ya fi rauni, don ra'ayin malami ne kawai, malamin da yake son yaro zai cika masa, wanda ya gaji da shi zai rage. Fayil yana nuna ci gaba da kyau amma yana cin lokaci ba kaɗan ba, kuma sau da yawa ƙwazon malami wajen shirya fayil ake ba maki ba ƙwazon yaro ba, wannan yana cikin abinda ya sa jihohin Amurka da yawa suka bar shi suka koma tambayoyin da aka tsara. Ni dai shawarata ka sa zaman kai tsaye ya zama ginshiƙi, ka haɗa da ɗan siririn fayil mai aiki uku ko huɗu a kowane darasi don ya zama shaida in yaron ya tashi da rashin lafiya ranar.

Wajen rubuta tambaya, abu ɗaya a tambaya ɗaya, jimla gajera, kar ka sa irin wanne ne ba kaza ba, wannan ba ɗin tana rikita har manya. Zaɓi uku ya fi biyu, don da biyu ko da ka yaro zai ci rabi. Amsar daidai ta riƙa yawo, yau dama gobe tsakiya, kuma kar ta fi sauran girma ko launi ko kyau. In yaro baya gane zane ka kawo hoto na gaske, in baya gane hoto ka kawo abin da kansa ya taɓa, murafen kwalba ko fensira sun isa yin ƙirga. Sannan ka rubuta ainihin kalmomin da mai jarabawar zai faɗa da inda zai ajiye kowane kati, don in malama ɗaya ta ce nuna min rabi, ɗayar kuma ta ce nuna min wanda aka raba biyu daidai wa daida, ai ta biyun ta ba da amsa.

Taimako da maki

Dole za a taimaka wa waɗannan yaran, abinda ake so shine taimakon ya zama a jere kuma a rubuta shi. Ka yi tambaya ka yi shiru ka jira, daƙiƙa biyar ko goma ko fiye gwargwadon abinda ka rubuta a shafin nan nasa, kuma jiran nan yana da wuya fa, baki ƙaiƙayi yake. In ya amsa daidai da kansa maki 4. In bai amsa ba ka maimaita da ɗan ƙarin bayani, ya samu, maki 3. In ba haka ba ka cire zaɓi ɗaya na kuskure, maki 2. In sai da ka yi irinsa a gabansa da wani misalin sannan ya yi, maki 1. In sai da ka kama hannunsa ka kai, wannan sifili ne a ilimi, sai dai ka rubuta a gefe cewa ya yarda ya shiga aikin. Ka kuma bambance ya amsa ba daidai ba da bai amsa komai ba, ba ɗaya bane, na farkon koyarwa yake buƙata, na biyun ƙila hanyar amsawar ce bata yi ba.

Babban haɗarin shine taimakon da kai kanka baka san kana yi ba. A farkon shekarun 1900 akwai wani doki a Berlin ta Jamus mai suna Hans da ya yi suna wai ya iya lissafi, a tambaye shi sai ya riƙa buga kofato har ya kai amsar ya tsaya. Mai shi ba yaudara yake ba, shi ma ya yarda. Sai a 1907 wani mai bincike Oskar Pfungst ya nuna cewa in mai tambayar bai san amsar ba, ko dokin baya ganinsa, sai ya kasa, ashe ɗan motsin kai da sakin jikin da mutum yake yi in an iso amsar shi dokin yake karantawa. To yaron da ya shekara yana kallon fuskarka ya fi doki iya karanta ka nesa ba kusa ba. Idonka yana kan katin daidai, muryarka tana ɗagawa in ka ambace shi, hannunka yana daɗewa a kansa, kana murmushi in yatsansa ya kusa. Maganin sa ka tsaya a gefe ko ɗan baya, ka kalli yaron ba katunan ba, ka janye hannunka gaba ɗaya bayan ka ajiye, kuma yabonka ya zama iri ɗaya ko ya ci ko bai ci ba, sannu da ƙoƙari, mu je na gaba. Haka ma aka yi da wata hanya da ta yi tashe a farkon shekarun 1990 inda ake riƙe hannun yaron da baya magana yana danna haruffa, da aka gwada ta hanyar nuna wa yaron hoto ɗaya mai riƙon kuma wani hoton daban, abinda mai riƙon ya gani shi yake fitowa, har ƙungiyar masana halayyar ɗan adam ta Amurka ta fito a 1994 ta ce babu hujjar kimiyya a bayanta. Saboda haka duk amsar da ta fito hannunka yana jikin nasa, kar ka ƙirga ta.

Zaman ya zama gajere, minti goma ko sha biyar, a raba jarabawar kwana da yawa in ta kama. Ka sa ƙa'idar tsayawa tun kafin a fara, misali in tambaya huɗu a jere babu amsa ko kuma alamar gajiyar nan ta bayyana a dakata sai wani lokacin. Wanda yaron ya saba da shi shi zai yi masa, a wurin da ya saba.

Gwada jarabawar kanta

Kafin ka ce ta gama haɗuwa ka gwada ta da yara kaɗan masu hanyar amsawa daban-daban, mai magana, mai nuni, mai ido. Tambayar da kowa ya faɗi ko kowa ya ci ka sake dubanta, haka wacce mai nuni yake ci amma mai ido baya iya ko shiga, wannan jiki take aunawa. Sannan mutum biyu su ba da maki kowa shi kaɗai, ɗaya yana yi ɗaya yana kallo daga gefe ko daga bidiyo, a kwatanta. Abinda masu wannan fannin suka saba ɗauka shine su dace a kashi 80 cikin ɗari zuwa sama, in basu kai ba yawanci bayanin makin ne bai fito fili ba, a zauna a gyara kalmomin a sake. Bidiyon kuwa sai da izinin iyaye a rubuce, kuma kar ya kwana a wayar malami balle ya shiga guruf.

Raba sakamako zuwa matakai, kamar ya fara, yana kusa, ya kai, ya wuce, kar ka yanke shi da ka wai 50 shine ci. Ku fara rubuta da kalmomi abinda yaron da ya kai yake iya yi, sannan malamai da suka san irin yaran su ɗauki ainihin ayyukan ɗalibai su jera su a ƙarƙashin kowane bayani, inda aka rabu nan layin yake.

Takardar da zata je gida kar ta zama lamba tsirara. Misali in yarinya ce a rubuta cewa tana gane rabi da kanta in zaɓi uku ne, tana bambance rabi da kwata in an cire zaɓi ɗaya, abu na gaba da zamu koya shine kaza, ga kuma yadda za a taya mu a gida. Malamin da zai karɓe ta baɗi shi ma wannan takardar da shafin yadda take amsawa zai fara karantawa. Kuma duk shekara a sake zaman nan na farko da tambayoyin nan uku, in yarinyar tana cin matakin sama da kanta a yawancin tambayoyi a gwada ta da jarabawar kowa da sauƙaƙawa ko da a darasi ɗaya ne a aji, a ga yadda zata yi kafin zama na gaba.